Wa Ya Tsegunta Wa Ƙwayar Atini Sirrin Magani?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, sai ka gyara zama. An kwantar da wani mutum a asibiti yana fama da atini. Aka ɗebi bayan gidansa aka kai ɗakin gwaje-gwaje, aka tarar ƙwayar cutar da ke cikinsa tana jin magani sarai, kowanne aka ɗiga mata sai ta mutu. Likita ya zaɓi magani ɗaya tak ya ɗora shi a kai. Kwanaki suka shuɗe, ciwo ya ƙi sauka, aka sake gwaji. Yanzu ƙwayar ta daina jin maganin da aka ba shi. To, wannan da sauƙi, sai a ce ta ɗanɗana ne ta gane lagonsa. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, akwai wasu magunguna uku da mutumin nan bai taɓa kai su bakinsa ba, su ma ta daina jin su. A ina ta san su? Wa ya tsegunta mata?

Kada ka ɗauka tatsuniya nake yi maka. A ƙasar Japan aka yi wannan, cikin shekarun 1950, kuma an yi ta ganinsa a asibitoci daban-daban har sai da ya hana masana barci.

Bari in shimfiɗa maka fagen a gurguje. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar biranen Japan a rushe, ruwan sha ya gurɓace, atini ya samu wurin zama. Ƙwayar da ke kawo shi wata bakteriya ce mai suna Shigela, wadda wani masanin ƙasar, Kiyoshi Shiga, ya gano a 1897. Da farko an yaƙe ta da magungunan salfa, aka yi ta bayarwa ba ƙaƙƙautawa, har ya zama a farkon shekarun 1950 mafi yawan ƙwayoyin sun daina jin su. Hankalin likitoci bai tashi ba, don ga sababbin makamai uku sun iso: sitireftomaisin, kuloramfenikol da tetirasaikilin. In wannan ya ƙi, a koma ga wancan. Ana cikin haka, a 1955, aka samu wata Shigela a jikin wani majinyaci da ya dawo daga Hong Kong. Aka gwada salfa, ta ƙi. Aka gwada na biyu, ta ƙi. Na uku, ta ƙi. Na huɗu ma haka.

Ƙwaya ɗaya ce, aka ce, ba komai. Kafin a farga, irinta sun fara ɓullowa nan da can. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, wajen rabin Shigelar da ake gwadawa a Japan sun zama masu taurin kai irin wannan. To, ga laifi an aikata. Mu jera waɗanda ake zargi, mu tuhume su ɗaya bayan ɗaya.

Na san wanda zuciyarka ta fara kawo maka, musamman in ka taɓa sayen kafso a tasha ko a tiren mai talla: jabun magani. Wa ya sani ko garin alli aka ɗura a ciki? Zargi ne mai kyau, kuma a wurare da yawa shi ne mai laifin. Amma a nan yana da shaidar da za ta wanke shi. Masu gwaji ba su dogara da abin da majinyaci ya haɗiya ba. A cikin faranti suke shuka ƙwayar, su zuba mata magani tsantsa wanda suka auna da hannunsu. Wannan maganin dai, daga kwalba ɗaya, yana kashe ƙwayar da aka ɗebo daga mai gadon dama, ya kasa taɓa ta mai gadon hagu. Magani lafiyarsa ƙalau. A sallame shi. Wa ke biye?

Na biyu tsohon sananne ne, kullum ana ambatonsa a bakin kemis: "Ai jikina ya saba da wannan maganin, ba ya yi mini aiki." Ko jikin majinyatan ne ya saba? Mu duba. Ƙwayar da ke cikin faranti ba ta tare da majinyaci, ba jininsa, ba hanjinsa, amma tana nan tana yaɗo a tsakiyar magani. Kuma da za ta faɗa cikin jaririn da bai taɓa shan ko da kafso ɗaya ba tunda aka haife shi, haka za ta ƙi jin magani a cikinsa. Ka riƙe wannan da kyau, don za mu buƙace shi a gaba: ƙwayar cuta ce ke bijire wa magani, jikin mutum ba ruwansa. Shi ma mun sallame shi. Saura wa?

Saura baƙo. Ai ka ji an ce daga Hong Kong aka dawo da ta farko. Shi ke nan, magana ta ƙare, wata muguwar ƙwaya ce ta shigo ta jirgi, ta hayayyafa, ta bazu. Dama in abu ya ɓace a gari, baƙo ake fara kallo. Sai dai Shigela ba iri ɗaya ba ce, dangi ne masu rassa da yawa, kuma masu gwaji sun iya tantance su. Da a ce baƙuwa ɗaya ce ta haifi duk masu taurin kan, da dukkansu sun fito reshe ɗaya. Ba haka aka gani ba. Rassa daban-daban, a garuruwa daban-daban, duk sun zo da taurin kai ga magungunan nan huɗu, ba ragi ba ƙari. Wani abin ya fi wannan ban mamaki. A annoba ɗaya, daga tushe ɗaya, reshe ɗaya, sai a samu ta wannan majinyaci tana jin magani, ta wancan ba ta ji. Wani lokaci ma a cikin mutum ɗaya ake samun duka biyun. Baƙo ya kuɓuta. Amma na gaba fa ba ƙaramin mutum ba ne.

Shi ne wanda duk littattafan kimiyya na wancan zamani suka nuna da yatsa: sauyin gado na bazata. Ga yadda yake. Bakteriya ba ta haihuwa, rabewa take yi gida biyu, kuma in ta samu abinci da ɗumi takan rabe cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Duk rabewa sai ta kwafi kundin gadonta, wanda masana ke kira DNA. Mai yawan kwafi ba ya rasa kuskure. Jefi-jefi kuskuren yakan zo da sa'a, ya sauya daidai wurin da magani ke kamawa. Magani ya kashe sauran, ita mai sa'ar ta tsira, ta cika wuri da zuriyarta. Wannan bayani gaskiya ne, yana faruwa har gobe. Kowa ya gamsu da shi. Har sai da aka ɗauko alƙalami aka yi lissafi.

Irin wannan kuskure mai sa'a yakan faɗo wa kamar ƙwaya ɗaya cikin miliyan 10, a kan magani ɗaya. Magungunan nan huɗu kuwa kowanne da inda yake kamawa, saboda haka sai an yi kuskure huɗu daban-daban. Kafin su haɗu a ƙwaya ɗaya lokaci ɗaya, sai ka ninka miliyan 10 sau miliyan 10, sau miliyan 10, sau miliyan 10. Rubuta 1, ka jera mata sifiri 28. Ƙwaya ɗaya cikin wannan adadi. Amma ga shi ana ganin abin a asibiti bayan asibiti.

Wataƙila ka ce ai a hankali ta tara su, yau ɗaya, baɗi ɗaya. Da haka ne, da an ga masu taurin kai ga biyu da masu uku sun fi yawa, masu huɗu su zama 'yan ƙalilan. Akasin haka aka gani: masu huɗun ne suka yi rinjaye. Tsalle ɗaya ake yi a dira a ƙarshe. Sai masana suka ce bari su kama ɓarawo da hannu. Suka ɗauki Shigela mai jin magani, suka sa ta a kwalbar gwaji ita kaɗai, suka riƙa ɗiga mata magani ɗaya, ko za ta koyi huɗu kamar yadda take yi a jikin majinyaci. Ba ta koya ba. Aka sake. Ba ta koya ba.

A kwalba ba ta koyo. A hanji tana koyo.

To, me ke cikin hanji wanda babu shi a kwalba?

Tsaya ka yi tunani kafin ka ci gaba. A kwalba ita kaɗai ce. A hanji kuwa?

A hanji tana da maƙwabta.

Cikin kowane ɗan Adam, ni da kai da sarki da talaka, cike yake da bakteriya iri-iri da ba sa cutar da shi, wasu ma taimakonsa suke yi. Daga cikinsu akwai wata mai suna E. coli. Mafi yawan irinta salihai ne, suna zaune a hanji tun muna jarirai. Ba wanda ya kawo ta cikin zargi, don ba ita ke sa atinin ba. Mai gwaji in ya gan ta a faranti, kawar da kai yake yi ya ci gaba da neman Shigela. Sai wasu suka ce, don Allah mu gwada ita ma. Aka ɗebo E. coli daga cikin majinyatan nan masu Shigela mai taurin kai. Aka ɗiga mata salfa. Ta ƙi. Sitireftomaisin. Ta ƙi. Kuloramfenikol. Ta ƙi. Tetirasaikilin.

Ta ƙi.

Huɗun nan dai. Su ɗin dai.

Wani malami a Jami'ar Tokyo, Tomoichiro Akiba, ya kawo wata magana da ta yi kama da wasa: ko dai E. coli ce ke miƙa wa Shigela taurin kan? A ilimin wancan lokaci, gado daga uwa yake sauka zuwa 'ya. An san tun 1946, daga aikin Joshua Lederberg da Edward Tatum a Amurka, cewa E. coli kan yi musayar gado da 'yar'uwarta E. coli. Amma a ce wata ƙwaya ta ɗauki kariyar magani huɗu cur ta miƙa wa wata da ba jinsinsu ɗaya ba? Wannan sai an gani da ido.

A 1959 aka gani. Akiba da abokan aikinsa a Tokyo, da kuma wani likita a birnin Nagoya, Kunitaro Ochiai, da nasa mutanen, kowane ɓangare ya yi gwajinsa daban. Gwajin ba wuya. Ɗauko E. coli mai taurin kai. Ɗauko Shigela mai jin magani. Zuba su a kwalba ɗaya. Jira. Sannan ka tsamo Shigelar ka gwada ta.

Ba a ɗiga magani ko ɗigo ɗaya a kwalbar ba. Shigela ba ta ga magani ba, ba ta ji ƙamshinsa ba. Zama kawai ta yi da maƙwabciya.

Ta fito ba ta jin huɗu.

An kama mai tsegumi. Amma mai bincike na ƙwarai ba ya tashi daga zama sai ya san yadda aka yi. Ta wace hanya saƙon ya bi? Zato na farko: E. coli tana zubar da wani abu a cikin ruwan kwalbar, Shigela ta tsotsa. Zato na biyu: akwai wasu ƙananan ƙwayoyin bairos da ke kama bakteriya, kuma an san sukan ɗauki guntun gado daga wannan su kai wa waccan, ko su ne 'yan aiken? Hanyar rarrabewa ɗaya ce. Aka tace ruwan da E. coli ta zauna a ciki da matata mai ƙananan ƙofofi, wadda bairos da narkakken abu za su iya wucewa amma bakteriya ba za ta iya ba. Aka zuba wa Shigela tataccen ruwan. Shiru. Ba abin da ya sauya. Ashe saƙon ba ya tafiya a ruwa, ba ya tafiya ta ɗan aike. Sai jiki ya taɓa jiki.

Yanzu mu buɗe ƙunshin, mu ga abin da ake miƙawa.

Ban da babban kundin gadonta, bakteriya kan ɗauki wani ɗan ƙaramin zoben DNA da ke zaman kansa a cikinta. Lederberg ya raɗa wa irin waɗannan suna filasmid tun 1952, masanan Japan kuma suka gano cewa taurin kan nan a kan irinsa yake. Ka ɗauke shi kamar gurun ɗan tauri, wanda aka jera wa layu huɗu, kowace da ƙarfen da take karewa. Bambancin kawai, wannan gurun yana kwafar kansa. Ƙwayar da ke ɗaure da shi takan miƙa wani siririn zare daga jikinta, ta kamo maƙwabciya, ta jawo ta har su manne, ta tura mata kwafi, ita kuma nata yana nan a ƙugunta. Mai bayarwa ba ta yi asara ba. Mai karɓa kuma nan take ta zama mai bayarwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, ba tare da jiran haihuwa ba. Kuma ba a tambayar dangi ko asali. E. coli ta ba Shigela, Shigela ta ba E. coli, su kuma su ba ƙwayar taifot da sauran 'yan uwansu na hanji.

Layun fa, me ke cikinsu? Bincike na baya ya warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace da dabararta. Ta kuloramfenikol tana sa ƙwayar ta ƙera wani sinadari da ke liƙa wa maganin wani ɗan abu, ya kasa kama inda ya saba kamawa. Ta sitireftomaisin ma kusan haka take yi, ta lalata shi kafin ya isa. Ta tetirasaikilin famfo take kafawa a bangon ƙwayar: magani na shiga, ana fitar da shi waje. Ta salfa ta fi su wayo. Salfa yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari da ƙwayar ke buƙata don ta rayu. Sai layar ta ba ta wani sinadarin na daban, mai yin aiki iri ɗaya, wanda salfa ba ya iya toshewa. Wani zoben da aka samo a Japan a wancan lokaci, aka yi masa laƙabi da R100, har kariyar gubar zaiba yake ɗauke da ita, kyauta a kan huɗun.

Akwai wata shaidar da ta ƙara rufe bakin masu musu. Masanan sun gano cewa in aka jiƙa ƙwayoyin da wani rini mai suna akiridin, wasunsu sukan yar da zoben. Da zarar ya faɗi, taurin kan yakan tafi gaba ɗaya, ƙwayar ta koma jin magani kamar ba ta taɓa bijirewa ba. Tare suka zo, tare suka tafi. Abin da ke zuwa a dunƙule ya tafi a dunƙule, a ƙunshi ɗaya yake.

To, mu koma ga majinyacinmu, yanzu da muke da mabuɗi. Tun kafin ya kamu da atini, akwai 'yan E. coli ƙalilan masu zoben a hanjinsa, sun ɓace cikin dubban miliyoyin da ba su da shi. Shigela ta shigo tsirara, tana jin kowane magani. Likita ya ba da tetirasaikilin, misali. Maganin bai san mai laifi da marar laifi ba, ya share duk wadda ba ta da kariya, Shigela da E. coli baki ɗaya. Wa ya rage? Masu zobe. Fili ya zama nasu, abinci ya zama nasu, suka hayayyafa. 'Yan Shigelar da suka riga suka karɓi kwafi su ma suka tsira, suka cika hanji. Magani ɗaya aka sha, amma da yake kariyar huɗu a zobe ɗaya take, wanda ya tsira daga ɗaya ya tsira da huɗun a hannunsa. Kacici-kacici ya warware.

Sai dai kada ka yi saurin yanke wa E. coli hukunci. Ita ta miƙa, gaskiya ne. Amma wa ya share mata fili? Kuma a ina ta samo kayan tun farko?

Amsar tambaya ta biyu tana ƙarƙashin ƙafarka. Uku daga cikin magungunan nan daga ƙasa aka samo su: wasu bakteriya na cikin turɓaya, dangin Streptomyces, su ke ƙera su. Wanda ke dafa guba dole ya san makarinta, haka ma maƙwabtansa da suka daɗe suna shaƙarta. Saboda haka dabarun kariya sun girmi asibiti nesa ba kusa ba. A 2011 masana a Kanada sun ba da rahoton samun irinsu a cikin daskararriyar ƙasar yankin Yukon mai shekara 30,000. Zoben ma tsoho ne. A 1983 Naomi Datta da Victoria Hughes a Landan suka binciki wasu ƙwayoyin cutar hanji da wani masani, Murray, ya tara ya adana daga 1917 zuwa 1954. Suka tarar da yawansu suna da zobba masu iya tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, amma kusan duk babu kariyar magani a kansu. Zoben yana nan, dabarun suna nan, kowanne a wurinsa. Abin da ya haɗa su cikin 'yan shekaru shi ne ruwan maganin da ɗan Adam ya yi ta kwararawa. Ka ga amsar tambaya ta farko ke nan. Babban mai laifin da muke ta nema tun ɗazu, hannunsa ne ke ɓare kafso.

Duniya ba ta ji wannan labari da wuri ba, don da harshen Japananci aka buga rahotannin farko. Sai a 1963 Tsutomu Watanabe na Jami'ar Keio ya tattara su ya rubuta da Turanci, ya bayyana abin a matsayin gadon da ake ɗauka kamar yadda ake ɗaukar cuta. Shekara ɗaya kafin nan, Naomi Datta ta ba da rahoton irin wannan miƙe-miƙe a ƙwayar Salmonela da ta ɓarke a asibitin Hammersmith na Landan. Cikin shekarun 1960 aka gan shi a maruƙan Birtaniya da ake ɗura wa magani, abin da ya kai ga rahoton kwamitin Swann na 1969, wanda ya nemi a taƙaita zuba magungunan mutane a abincin dabbobi don su yi ƙiba.

Ka ɗauka an rufe shari'a? Mai laifin bai tuba ba. A 2008 aka samu wata ƙwaya mai suna Klebsiella a fitsarin wani majinyaci a Suwidin, wanda ya yi jinya a New Delhi ta Indiya. Tana ɗauke da wata sabuwar kariya da aka kira NDM-1, mai karya magungunan kabafenem, waɗanda likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya gagara. Aka duba bayan gidansa. Wa aka tarar riƙe da kariyar nan? E. coli. A Nuwamban 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata kariyar, mcr-1, a kan zobe mai tsallakawa, wadda ke kare ƙwaya daga kolistin, ɗaya daga magungunan ƙarshe da ake komawa gare su. A jikin aladun gona aka fara ganinta, inda a lokacin ake zuba kolistin a abinci. A cikin wace ƙwaya? Ka riga ka sani. A ƙarshen 2016 kuma taifot ya ɓarke a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan, wanda ya bijire wa rukunin magunguna biyar da aka saba yi masa da su. Da aka bincike shi, sai ga zobe, kuma alamu sun nuna daga wata ƙwayar hanji irin E. coli ya karɓo shi.

Ina ruwanmu da Japan da Pakistan? Ruwanmu har wuya. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Ba abin mamaki ba ne in ka tuna abubuwa biyu da zoben ke buƙata. Na farko, a yi ta shan magani barkatai don a share masa fili. Na biyu, bayan gidan wani ya samu hanyar shiga cikin wani, ta ruwan rijiya, ta ƙuda, ta hannun da ba a wanke ba. Duka biyun ba sai an je da nisa ba. Mai mura ya tsaya a kemis a ƙirga masa kafso huɗu gwargwadon kuɗinsa. Mai kiwon kaji ya zuba tetirasaikilin a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki, ba ciwo ba komai, wai riga-kafi. Uwa ta ɗauko ragowar maganin babban yaro ta ba ƙarami. Kowanne cikinsu yana ganin harkar gabansa yake yi, alhali abin da ya reno a hanjinsa ko a kejinsa gobe yana cikin maƙwabci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 18 zuwa 24 ga Nuwamban kowace shekara don wayar da kai a kan wannan matsala, amma abin da ake nema a wurinka na kullum ne. Mura bairos ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa ta, sai dai ya tankaɗe maka hanji ya bar masu zobe. Yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki take buƙata. In an ga jini ko zazzaɓi mai zafi, asibiti za a nufa, likita ya zaɓi abin da ya dace. Ba kowane zazzaɓi ne taifot ba, a gwada tukuna. In an rubuta maka magani, ka sha shi yadda aka ce, adadinsa da lokacinsa, kada ka ajiye saura, kada ka ba wani. Mai kaji da mai shanu su nemi likitan dabbobi kafin su zuba, su kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin su sayar da ƙwai, nama ko madara. A gina masai, a wanke hannu da sabulu, a kai yara riga-kafi, don ciwon da bai kama ka ba, ba ya buƙatar magani. Kai kuma mai kemis, in aka zo maka ba takardar likita, ka iya cewa a'a. Mai karatu, ka kai wannan labari gida, ka kai shi majalisa, kuma duk wanda ka ji ya ce jikinsa ne ya saba da magani, ka zaunar da shi ka faɗa masa wanda ya saba.